Annobar rawa ta 1518 da faɗuwar 'yan mata a makaranta: amsa ga wata malama

Wata malamar sakandaren 'yan mata ta aiko mini da wannan tambaya: "Likita, na ga wani bidiyo ana cewa an taɓa yin annobar rawa a Turai, ɗaruruwan mutane suka yi ta rawa har suka mutu, wai gurɓataccen burodi suka ci. Gaskiya ne? Na tambaya ne saboda mu ma a makarantarmu a kan samu yarinya ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin a tashi goma sun bi ta. Wasu su ce iskokai ne, wasu su ce iskanci ne kawai."

Malama, abin ya faru, ba ƙagen 'yan intanet ba ne. Sai dai masu bidiyon sun cusa abu biyu da ƙafarsu ba ta taka ƙasa sosai ba, wato yawan waɗanda suka mutu da kuma maganar burodi. Zan ɗan ja labarin da tsawo, domin rabin amsar tambayarki ta biyu tana cikinsa.

Garin Strasbourg ne. Yau yana gabashin Faransa, daf da iyakar Jamus, kusa da kogin Rhine. A wancan zamani gari ne mai cin gashin kansa, majalisar manyan gari da shugabannin masu sana'a ce ke riƙe da shi, kuma mutanensa ba su wuce 25,000 ba. A tsakiyar watan Yulin 1518 wata mata ta fito kan titi ta fara rawa. Ba biki ake yi ba, ba kuma wanda yake mata kiɗa. Ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare ta zube, ta ɗan huta, ta miƙe ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka ta kwashe kwanaki. Kafin mako ya zagayo mutum sama da 30 sun shiga irin halin da take ciki, kuma zuwa watan Agusta wasu marubutan tarihin garin sun kai adadin 400, ko da yake wasu sun faɗi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kar kalmar "rawa" ta sa ki ɗauka nishaɗi suke yi. Masu abin ba su cikin hayyacinsu, a jigace suke, ga zafin bazara, ga yunwa da ƙishirwa, jiki kuma ya ƙi tsayawa.

Sunan da ake kiran matar da shi a bidiyoyi, Frau Troffea, daga bakin wani shahararren likita mai suna Paracelsus ya fito, kuma shi sai a 1526 ya zo garin, shekara takwas bayan an gama komai. Fassararsa ita ce matar ta ƙirƙiri rawar ne don ta ƙuntata wa mijinta, sauran mata kuma suka kwaikwaye ta. Kin ga ke nan tun shekaru ɗari biyar da suka wuce an samu mai cewa iskanci ne.

Abin da ya sa masana tarihi ba sa musun aukuwar lamarin shi ne ba labarin baka ba ne kaɗai. Akwai bayanan zaman majalisar gari da umarnin da ta bayar, magatakardan garin a lokacin, Sebastian Brant, sanannen marubuci ne, ga kuma rubuce-rubucen masu tarihin gari daban-daban. Majalisar ta kira likitoci. Likitocin suka ce ba taurari ba ne, ba kuma shaiɗanu ba, "zafin jini" ne ya hau wa mutanen ka. Wannan shi ne ilimin likitancin zamanin, wanda ke ganin lafiya a matsayin daidaiton zafi da sanyi da danshi da bushewa a cikin jiki. Daga nan aka yanke shawarar da har gobe take ba ni mamaki in na tuna ta. Aka ce tunda rawa ce ciwon, to a bar su su yi ta har ta fice musu. Aka buɗe zaurukan ƙungiyoyin masu sana'a guda biyu, aka kafa dandamalin katako a kasuwa, aka ɗauko makaɗa da mabusa aka biya su, aka kuma yi hayar ƙarti masu riƙe wanda ya fara layi don kada ya tsaya.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da a da sai wanda ya bi ta wani lungu yake gani, yanzu an ɗora shi a tsakiyar kasuwa da ganga da sarewa, duk wanda ya fito cefane sai ya tsaya ya kalla. Masu kamuwa suka ƙaru. Da majalisa ta ga haka sai ta juya baya gaba ɗaya. Ta hana kiɗa da rawa a bainar jama'a, ta sa ƙafar wando ɗaya da caca da karuwanci, ta kori waɗanda take gani 'yan iskan gari ne, domin yanzu ta koma ganin abin a matsayin fushin sama. Masu rawar kuma aka loda su a kekunan shanu da dawaki zuwa wani wurin ziyara na waliyyin Kiristoci mai suna Vitus, a wani kogo kusa da garin Saverne, kimanin kilomita 40 daga Strasbourg. A can aka yi musu addu'a, aka ba kowa ƙaramin gicciye ya riƙe, aka sa musu jajayen takalma da aka yayyafa wa ruwan tsarki, aka zagaya da su wurin ibadar. Zuwa farkon Satumba abin ya lafa.

Maganar mutuwa fa? Adadin da aka fi yayatawa shi ne mutum 15 a kullum a lokacin da abin ya yi tsanani. Takardun hukumar garin na lokacin ba su kawo adadin matattu ba, ba su ma ambaci cewa an mutu ba. A matsayina na likita ba zan ce ba zai yiwu ba: wanda yunwa ta riga ta rame shi, ya kwashe kwanaki yana tsalle a zafi ba ruwa ba barci, zuciyarsa na iya bugawa, ko ƙodarsa ta tsaya. Amma "ɗaruruwa sun yi rawa har lahira" gishiri ne da aka ƙara wa miya.

Sai burodi. Akwai wata fumfuna da ake kira ergot wadda ke kama hatsin rai, ɗan'uwan alkama da talakawan Turai ke yin burodi da shi, musamman a shekarar da damina ta yi yawa. Tana ɗauke da sinadarai masu sa mutum gane-gane da fizge-fizge, shi ya sa tunanin mutane yake saurin zuwa kanta. Matsalar ita ce mun san yadda gubar take aiki, kuma mutanen wancan zamani ma sun san ciwon, suna da sunansa daban. Tana matse jijiyoyin jini, hannu da ƙafa su yi ta ƙuna kamar an sa a wuta, yatsu su yi baƙi su ruɓe, ga amai da gudawa da jijjiga. Wanda jini ba ya isa ƙafarsa bai iya tsayawa ba, balle ya yi kwana uku yana rawa. Sannan guba ba ta sa mutum ɗari su yi motsi iri ɗaya, kuma ba jan takalmi ne ke fitar da ita daga jini ba. Akwai kuma wani ciwon yara da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, mai sa gaɓoɓi su riƙa motsi da kansu, wanda likitan Ingila Thomas Sydenham ya bayyana a 1686, har aka laƙaba masa sunan rawar Vitus. Shi ma bai dace da labarin ba, don ba ya tsallakawa daga mai shi zuwa mai kallonsa.

To mene ne? Bayanin da na fi gamsuwa da shi, wanda masanin tarihi John Waller ya fi kowa tattara hujjojinsa, yana da ƙafa biyu, kuma in aka cire ɗaya ɗayar ba ta tsayawa.

Ta farko ita ce halin da mutanen suke ciki. Shekarun da suka gabaci 1518 sun yi wa yankin Alsace, inda Strasbourg take, mugun kamu: amfanin gona ya lalace a jere, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, talakawa sun nutse a bashi, gidajen marayu da na marasa lafiya sun cika. Ga annoba da agana na zagayowa, ga sabon ciwon tunjere da ya shigo Turai a shekarun 1490 wanda ba a san maganinsa ba. Manoma sun sha yunƙurin tawaye a yankin, na baya-bayan nan a 1517, ana murƙushe su. Malaman coci da ya kamata su zama mafaka, jama'a na zarginsu da tara dukiya. Mutum ne da ya ga ƙasa ta juya masa baya, yana kuma zaton sama ma ta yi fushi da shi.

Ta biyu ita ce abin da suka riga suka yi imani da shi. A yankunan kogin Rhine an daɗe da yarda cewa waliyyi Vitus, in aka saɓa masa, yana jefa wa mutum la'anar rawa. Kowa ya tashi ya ji wannan a bakin kakanninsa, kuma akwai abin nuni: a 1374 an yi irin wannan annoba a Aachen, ta bazu zuwa Cologne da Liège da Metz da wasu garuruwa, ita ma bayan wata babbar ambaliya. Don haka da matar nan ta fito tana rawa ba ta iya dainawa, duk wanda ya gan ta ya san sunan abin da yake gani, ya san daga ina ya zo, ya kuma san shi ma bai fi ƙarfinsa ba. Damuwa ce ta cika mutum har ya fita hayyacinsa, imanin jama'a kuma shi ya zaɓa wa fitar siffar da za ta ɗauka. Shi ya sa kogon waliyyi ya yi aikin da dandamalin kasuwa ya kasa. Shi ya sa kuma bayan Strasbourg ta bi tafarkin ɗarikar Kiristoci ta Furotesta a shekarun 1520, aka daina girmama waliyyai yadda aka saba, irin wannan rawa ba ta sake kama garin ba.

In kika duba wasu wurare za ki ga siffar tana canzawa da canjin abin da mutane ke tsoro. A kudancin Italiya an yi ƙarnoni ana cewa cizon wani gizo-gizo ne ke sa mutum suma da makyarkyata, maganinsa kuma a yi masa kiɗa ya yi rawa har gumi ya fitar da dafin. A Madagaska a 1863, lokacin da jama'a ke ganin Sarki Radama na Biyu ya sakar wa Turawa ƙasa, mutane suka riƙa rawa a titunan Antananarivo suna cewa ruhin marigayiya Sarauniya Ranavalona ne ya dawo.

Wanda ya fi kusa da abin da kike gani shi ne na Tanganyika, Tanzaniya ta yau. Ranar 30 ga Janairun 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata da 'yan mishan ke gudanarwa a ƙauyen Kashasha, kusa da Bukoba a yammacin Tafkin Biktoriya, 'yan mata uku suka fara dariya suka kasa dainawa. Cikin ɗalibai 159 sai da abin ya kama 95, masu shekara 12 zuwa 18. A nan ma sunan "annobar dariya" yana ɓoye wahalar da ke ciki, domin dariyar tana zuwa ne haɗe da kuka, da rashin natsuwa, da gudu, da faɗa in an yi ƙoƙarin riƙe yarinya. Wata ta yi awanni, wata ta kai kwana 16. Ranar 18 ga Maris aka rufe makarantar aka tura kowa gida. Sai abin ya bi su: a ƙauyen Nshamba, inda wasu ɗaliban suka fito, mutum 217 suka kamu. Aka buɗe makaranta a watan Mayu, aka sake rufewa a ƙarshen Yuni. Kafin abin ya mutu, bayan kimanin wata 18, makarantu 14 sun rufe, kusan mutum 1,000 sun taɓu. Likitoci biyu, Rankin da Philip, sun auna jini da sauran abubuwa ba su samu ƙwayar cuta ko guba ba, suka wallafa rahotonsu a 1963.

Abu biyu nake so ki riƙe daga wannan. Malaman makarantar, waɗanda ke shaƙar iska ɗaya da ɗaliban a harabar guda, ko ɗaya bai kamu ba. Kuma abin bai bi iska ko rijiya ba, ya bi zumunci ne: daga yarinya zuwa ƙawarta, zuwa ƙanwarta, zuwa uwarta. Ƙasar kuwa ba ta cika wata biyu da samun 'yancin kai ba, an samu ranar 9 ga Disambar 1961, kuma yaran nan su ne aka ɗora wa burin dangi gaba ɗaya, suna zaune ƙarƙashin doka mai tsauri, nesa da gida, tsakanin tarbiyyar iyaye da ta 'yan mishan.

Kada a ce wannan sai ƙauye ko zamanin jahiliyya. A Fotugal a 2006, bayan wani shirin talabijin na matasa ya nuna wata cuta ta ƙage tana kama 'yan makaranta, ɗalibai sama da 300 a makarantu 14 suka fito da ƙuraje da jiri da sarƙewar numfashi irin na cikin shirin, daidai lokacin da jarrabawa ta ƙarato. A Japan kuma, ranar 16 ga Disambar 1997, wani shirin katun na yara a talabijin ya nuna walƙiyar ja da shuɗi mai saurin gaske, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti. Wasunsu da gaske hasken ya tayar musu da farfaɗiya. Amma da labari ya cika kafafen yaɗa labarai, washegari kuma aka yi ta zancen a makarantu, waɗanda suka ce ba su da lafiya suka kai wajen 12,000. Wannan misali yana da amfani domin yana nuna abu biyun na iya haɗuwa a wuri guda: ciwo na zahiri a kan 'yan kaɗan, firgici a kan masu yawa.

Mu a likitance muna kiran wannan ciwon damuwa mai yaɗuwa a cikin taro. Likitan ƙwaƙwalwa Simon Wessely ya kasa shi biyu a 1987. Akwai na firgicin farat ɗaya: an ji wani wari, ko an ce an ga wani abu, mutane su fara jiri da suma, kafin dare ya yi an warware. Akwai kuma wanda ke tsirowa daga matsin da ya daɗe yana taruwa, shi ne mai zuwa da fizge-fizge da ihu da canjin murya da rawa, kuma yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Na Strasbourg da na Kashasha irin na biyun ne.

Inda nake rabuwa da masu cewa iskanci ne shi ne nan. Yarinyar ba ƙarya take yi ba. Na sha tsayawa a kan irinsu a ɗakin taimakon gaggawa: numfashi sama-sama da sauri, leɓe da yatsu sun yi sanyi suna tsira-tsira, hannu ya ƙandare, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafi, ta ce ƙirjinta an ɗora masa dutse. Saurin numfashin ne ke fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, hakan ya taɓa yadda jijiyoyi ke aiki, tsoka ta ɗaure. Ba za ta iya buɗe hannun ba ko an ce za a ba ta kyauta. Ita kuma ganin hannunta ya ƙandare yana ƙara mata tsoro, tsoron ya ƙara saurin numfashi. Ta gefenta tana kallo, ƙirjinta ita ma ya fara bugawa. Kowa ya san in aka fara hirar ƙwarƙwata a ɗaki sai ka ga hannaye sun nufi kai, alhali ba wanda ya yi niyyar susa. Wannan ɗin ne, sai dai ya ninka sau ɗari saboda tsoro ya shiga ciki. Don haka bulala ba ta da wurin zama a nan, ƙara wa wuta fetur take yi.

Mu ma muna da namu tarihin. Waɗanda suka yi wayo a Kano a tsakiyar shekarun 1990 za su tuna zamanin Sumbuka, lokacin da ɗaruruwan 'yan matan sakandare suka riƙa faɗuwa, ana cewa wasunsu rawa suke yi irin ta finafinan Indiya. Ki lura da siffar: abin da idon yaran ya saba gani, wanda kuma manya ke yi musu faɗa a kai, shi jiki ya ɗauko. Ki kuma lura da lokacin: ƙunci ne na tattalin arziki a ƙarƙashin mulkin soja, sannan a 1996 sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. A Nijar ma an sha samun irin haka a makarantun 'yan mata, inda a kan ce aljanun da aka sare wa itatuwa don a gina aji ne suke neman hakkinsu.

Na san abin da ke ranki, Malama: to ina matsayin aljanu? Samuwarsu magana ce ta imani, Alƙur'ani ya faɗa, kuma ba aikin na'urar asibiti ba ne ta tabbatar ko ta kore. Abin da zan iya faɗa miki a matsayin wanda ya yi shekaru yana duba masu irin wannan lalura shi ne tsarin da abin yake bi duk inda ya ɓulla, ko a ƙasar da ake cewa waliyyi ne, ko inda ake cewa guba ce, ko inda ake cewa iska ne. Yana farawa daga wadda ake ji da ita a cikin ɗalibai ko wadda ta fi shiga damuwa, ya bi ƙawayenta. Yana kama wadda ta gani ko ta ji, ya tsallake wadda ba ta nan. Yana son lokacin jarrabawa da makarantar kwana mai tsanani. Yana lafawa in an raba yaran, ya dawo in an koma wurin da aka fara. Wannan tsarin ne za ki iya yin aiki da shi, ko mene ne ra'ayinki a kan asalin abin.

Amma kafin kowa ya ce damuwa ce ko iska ne, dole a fara kore abin da ke kisa. A 2010 yara ƙanana suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, aka yi ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka sa aka auna jini aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da an tsaya a kan fassarar da ta fi sauƙi, da ba a gano ba. Saboda haka in yara sun faɗi, a taɓa jiki: akwai zazzaɓi? Wuya ya sanƙare? Akwai amai, ko wadda aka kasa farkarwa, ko wadda ta ciji harshe ta saki fitsari? Me suka ci, daga ina suka sha ruwa, akwai janareta ko garwashi kusa da ɗakin kwana, an yi feshin maganin ƙwari? Malamai da masu dafa abinci su ma sun taɓu? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Musamman yarinyar farko a duba ta da kyau, domin sau da yawa ita tana da ciwo na gaske, farfaɗiya ko ƙarancin jini ko yunwa ko wani abu da ake yi mata a gida da ba ta iya faɗa, sauran kuma tsoro ne ya ɗebe su.

In an kore waɗannan, sai a guji kuskuren majalisar Strasbourg. A makarantunmu dandamalin kasuwa shi ne a kwantar da yara goma a ɗaki ɗaya ko a tsakar fili, aji uku su zagaye su, wani na danna su, wani na ɗaga murya yana tambayar mai magana a bakinta sunansa da garinsu, waya biyar na ɗauka. Duk yarinyar da ke tsaye a wurin ana koya mata yadda abin yake kama mutum, da muryar da ake yi, da amsar da ake bayarwa. Ni ban hana addu'a ba, ban kuma hana ruƙiyya ga iyalin da suke so ba. Mutanen Strasbourg ma a wurin ibadarsu suka samu sauƙi, domin abin da mutum ya yarda da shi yana kwantar masa da hankali. Abin da nake cewa a yi shi a keɓe, yarinya ɗaya a ɗaki ɗaya, tare da mace babba mai sanyin murya da ta saba da ita, ba duka, ba shaƙa hayaƙi, ba 'yan kallo. A zaunar da ita, a sa ta ja numfashi a hankali ta hanci tana sakinsa sannu, ki yi tare da ita tana bin ki. Sauran ɗalibai a mayar da su aji, a faɗa musu gaskiya a taƙaice: an duba, ba cuta mai kisa ba ce, 'yan'uwanku za su warke. Rufe makaranta gaba ɗaya a bar shi ya zama matakin ƙarshe, kin dai ji yadda aka kwashi abin daga Kashasha aka kai Nshamba. Bidiyo kuwa a hana shi da gaske, domin wanda aka tura a WhatsApp yana iya kunna abin a makarantar da ke wata jihar, ga tonon asirin yarinyar da wata rana za a zo neman aurenta.

Akwai haɗari ɗaya da ya fi faɗuwar kanta, shi ne a kama sunan wani. Yarinya a cikin wannan hali, in aka matsa mata da tambayar wa ya yi mata, za ta faɗi suna, kuma galibi sunan da ta san ana zargi ne: wata tsohuwa mai shara, ko ɗaliba baƙuwa mara gata. A garin Loudun na Faransa, matan wani gidan ibada suka shiga irin wannan hali, aka riƙa yi musu korar shaiɗanu a gaban dubban 'yan kallo, suka ambaci wani limamin coci, Urbain Grandier, aka ƙone shi da ransa a 1634. A Salem ta Amurka a 1692 maganar 'yan mata ce ta sa aka rataye mutum 19. Ki ja kunnen malamai tun kafin abin ya taso cewa ba a yi wa yarinya wannan tambayar, in kuma ta faɗi suna da kanta, maganar ta tsaya a ɗakin.

Bayan ƙura ta lafa sai a zauna da shugabar makaranta a duba abin da ya cika yaran tun farko: awa nawa suke barci, me suke ci da safe, wa ke dukansu, manyan ɗalibai me suke yi wa ƙanana da dare, yaushe rabon da su ga iyayensu, wane labarin satar ɗalibai suka ji kwanan nan. Yarinyar da ta faɗi fiye da sau biyu, ko ta ci gaba bayan sauran sun warke, a kai ta asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa, a kuma samu mace ta yi hira da ita ita kaɗai, ba a gaban iyaye ko malamai ba.